Na mari ɗana a kan laifin da ni na yi, ta yaya uba ke neman gafara?

Mai Walda Bukoki ya rubuta:

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan, ban taɓa cewa uffan ba. Yau kam abin ya ishe ni, kuma ba maganar da zan kai fada ba ce, don a can kowa ya san fuskata.

Ni mai walda ne a Yamai, shekarata 46, shagona yana Bukoki. Ƙofofi, tagogi, gadaje, duk abin da ya samu. Ina da mata da ƴaƴa huɗu. A coci ni ne ma'ajin Zumuntar Maza, nakan yi karatun Littafi ranar Lahadi, kuma in mutum biyu suka saɓa sau da yawa ni ake turawa, wai ina da sanyin baki.

Asabar ɗin makon jiya ina da ƙofofi uku na wani Alhaji da ya riga ya ba ni rabin kuɗi. Duk mai sana'ar ƙarfe ya san yadda abubuwa suka koma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. Kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuɗin da ka yanka wa mutum yau kafin ka gama aikin ƙarfe ya tashi. Ga zafin Afrilu, ga kuran, wato wutar lantarki, da aka ɗauke tun ƙarfe tara bai dawo ba sai bayan azahar. Yana dawowa na duba, baget, wato sandar walda, ya ƙare. Na yagi gefen kwali na rubuta lamba, na ba babban ɗana jikka goma na ce ya ruga Katako. Shekararsa 14, bana yake aji uku na kwaleji, ranar Asabar yakan zo ya taya ni.

Ya dawo jiƙe da gumi ya miƙo mini kwalin baget mai lamba 3,2. Ni kuwa 2,5 nake buƙata, domin ƙarfen ƙofofin siriri ne, in ka sa masa mai kauri sai ya huje. Ban tambaye shi komai ba. Na ɗauke shi da mari a gaban yaran shagona uku, na ce masa wawa, lakwal ɗin ma asarar kuɗina ce. Bai yi kuka ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan kwalin nan, ya ajiye a kan teburin aiki, ya fita. Rubutun hannuna ne, 3,2 ɓaro-ɓaro. Babban yaron shagon ya gani, ya kawar da kai. Ni kuwa na ninke kwalin na tura aljihu na ce kowa ya koma aikinsa.

Da dare na tsaya na sayi tsire na jikka biyu. Haka babanmu yake yi. Mai bishara ne a wani ƙauye wajen Dogon Dutsi, mutumin kirki, Allah ya sani, amma hannunsa da sauri. In ya dake ka ya ga ya wuce gona da iri, da yamma sai ka ga ya turo maka ƙulli na ƙuli-ƙuli ko ɗan nama, shi ke nan an gama magana. Har ya rasu ban taɓa jin “yi haƙuri” daga bakinsa ba. To nawa ɗan ya karɓi tsiren da hannu biyu, ya ce na gode, ya raba wa ƙannensa, bai sa ko yanka ɗaya a baki ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne na safiyar Lahadi. Yana durƙushe bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, na miƙa hannu in ɗauko hulata a kan ƙusa sama da kansa. Sai kawai ya sa hannu biyu ya kare kansa. Hula zan ɗauka, jama'a. Muka tafi coci, na hau na yi karatu, aka ce amin. Da muka dawo uwarsa tana zuba tuwo, ba ta ko kalle ni ba ta ce, “Mutumin nan da ake yabo a coci, ina roƙon Allah ya kawo mana shi gidan nan wata rana.”

A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da nan Yamai, tamu tana ciki. Ni na haɗa sababbin ƙofofinta da hannuna ban karɓi ko dala ba, kuma na tsaya gaban jama'a na ce mun yafe, da gaske nake yi. Na iya yafe wa wanda ya cinna wa ɗakin sujadarmu wuta, amma na kasa haƙuri da ɗana a kan kwalin baget. Kuma ba ranar ce ta farko ba, kada in yi muku ƙarya.

Sai ga shi ranar Laraba bayan addu'a fasto ya ja ni gefe ya ce sunana yana cikin waɗanda ake tunanin a sa dattawan ikilisiya. Tambayata biyu ce. Ta yaya uba Bahaushe zai nemi gafarar ɗan cikinsa ba tare da girmansa ya zube ba, ɗan fari ma da ko sunansa ba na kira? Sannan dattijantakar nan, in karɓa ko in gudu?

Ɗan Adar, Tawa:

Ƙanena, sannu da wanga nauyi. Na girme ka da kusan shekara ashirin, don haka bari in yi maka magana ba kwana-kwana.

Mu nan Adar da kokowa munka tashi. A 1975 da anka fara kokowar takobi ta ƙasa, nan Tawa anka yi ta, ina yaro na kutsa cikin taro na kalla. Abin da fili ya koya muna shi ne namiji ba ya bari gwiwoyinsa su taɓa ƙasa, in sunka taɓa an kada ka, makaɗa su juya ma wani. Wanga ka'ida ta fili ce, amma munka ɗauko ta munka shigo da ita cikin gida, munka riƙa kokowa da matanmu da ɗiyanmu.

Shekara 17 na yi ina bida a Abijan, cikin Ajame. Ina aiko kuɗi, ban taɓa bari sun kwana da yunwa ba. Bayan shekara biyu-biyu nike zuwa gida wata ɗaya, kuma cikin watan nan duk laifin da anka tara mini na yaro sai na biya shi da bel. Ina ganin tarbiyya nike yi. Ranar da babban ya kai 20 ya bi motar Agadas ya wuce Libiya, ko sallama bai yi mini ba. Shekara huɗu uwarsa kaɗai yake kira. In ta ce ga babanka, sai layi ya yanke, wai babu rezo.

Wani dare ina karanta Farawa 32, inda Yakubu ya yi kokowa har gari ya waye, anka taɓa masa ƙugu ya tashi shina ɗingishi. Na sha jin wa'azi a kai. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne sura ta gaba: da ya hango Isuwa, wanda ya cuta, sau bakwai ya sunkuya har ƙasa kafin ya isa gare shi. Bayan ya samu albarka ne fa, bayan an ba shi sabon suna. Na ɗauki waya na yi masa saƙon murya a WhatsApp, na goge, na sake, har sau biyar, don kowane sai na ji na saka “amma kai ma”. Na shida na ce, ni babanka ne, dukan da na yi maka ya wuce kima, na yi zunubi ga Allah da kai, ka gafarta mini. Na ga alamar ya saurara a daren. Wata uku bai amsa ba.

Yanzu muna magana, sai dai gaisuwarsa kamar ta mai gaida sarki ce, da ladabi, babu sakin jiki. Naka shekara 14 gare shi, shina kwana ƙarƙashin rufinka. Je ka same shi, kada ka riƙa tsire a hannu. Ka faɗi laifin da sunansa, kada ka ce “in na ɓata maka rai”, ka san ka ɓata. Kuma tunda gaban yaran shago ka mare shi, gaban su za ka wanke shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Mushe na Wadata:

Da girmamawa ga Baba na Tawa, ni ban yarda da batun yi a gaban yaran shago ba. Shekara 22 ina riƙe da alli, na san yaran yanzu. Ka sauke kai sau ɗaya a bainar jama'a, gobe in ka ce a ɗauko guduma sai an tsaya ana kallonka. Kuma kada mu mai da kanmu Turawa. Karin Magana 13:24 tana nan ba a goge ta ba, wanda ya hana ɗansa sanda ba ƙaunarsa yake yi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da aka daka ga mu nan mun zama mutane.

Na yarda ɗan'uwa ya yi kuskure a wannan karon, tunda rubutunsa ne. To ai muna da hanyarmu. Ka gaya wa uwarsa ta gaya masa babanka ya gane ba laifinka ba ne. Ka saya masa wani abu da yake so, ka riƙa jan shi da hira. Yaro ba wawa ba ne, zai fahimta. Su iyayenmu da ba su furta ba, ba rashin ƙauna ba ne, kunya ce, kuma kunya ba zunubi ba ce.

Batun dattijo kuwa ka karɓa. In aka ce sai marar aibi, kujerun gaba za su zauna wayam.

Maman Rahila:

Ku gafarce ni da shigowa zauren maza, mijina ne ya bar wayarsa a buɗe, na karanta, na ce sai na yi magana, ya ce bismilla.

Mai Walda, na ƙirga. Ka ba baget layi biyar, ka ba tsire layi huɗu, ka ba matarka layi ɗaya. Matar da ta faɗi magana irin wannan tana zuba tuwo, ba ranar ta haɗa ta ba, ta daɗe tana juya ta a ciki. Ka ce ba ranar ce ta farko ba. Sauran ranakun wa suka faɗa wa? Ba na cewa ka taɓa ɗaga mata hannu, ban sani ba. Amma tsawa ma duka ce, kuma na san gidajen da in an ji ƙarar babur ɗin maigida yara kan kashe dariya su nemi lungu.

Mu a Zumuntar Mata mun san abin da kwamitin dattawa bai sani ba. Mun san wanda ke jagorar addu'a da kuka ranar Laraba, matarsa kuma ta zo ranar Alhamis da gyale ya rufe rabin fuska, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Muna gani muna shiru, kuma shirun nan ma Allah zai tambaye mu.

Mushe, da izininka. Sandar Karin Magana ta horon yaron da ya yi laifi ce. Wannan yaron ya je Katako cikin ranar Afrilu ya sayo daidai abin da aka rubuta masa. Wane horo ke nan? Sannan ka ce a aiki uwar. Ita ta mare shi? Kullum haka ne, namiji ya fasa, mace ta bi da tsintsiya. Kolosiyawa 3 aya 19 ta hana maza yi wa matansu ɗaci, aya 21 ta hana ubanni tsokanar ƴaƴansu don kada su karai. Ayoyin nan maƙwabtan juna ne, ta tsakiyarsu ce kawai, wadda ta ce yara su yi biyayya, na ga maza sun haddace.

Ɗan'uwa, ka fara da ita. Ka tambaye ta abin da take gani, sannan ka kame bakinka har ta gama, ko da za ta kai ka shekarar da kuka yi aure. Za ta kai ka ɗin ma.

Ɗalibi Harobanda:

Baba, ni shekarata 23, ina jami'ar Abdu Mumuni. Namu baban ma tsire yake kawowa. Muna ci, amma wallahi mun san kuɗin mene ne. Abin da ya fi ciwo ba marin ba ne, ganin da ka yi wa takardar ne ka sa ta aljihu. Da a ce ba ka gani ba zai ce Baba bai sani ba. Yanzu ya san ka sani. Mushe ya ce su da aka daka sun zama mutane, gaskiya ne, amma ni hutu in ya zo ina neman dalilin da zai sa in zauna a Yamai kada in je gida.

Fasto daga Galmi:

Salama ɗan'uwa. Tambaya ta farko an amsa maka ita fiye da yadda zan iya. Zan ƙara abu ɗaya: a Matiyu 5:23-24 Ubangiji ya ce in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Bai ware ɗan'uwan da kai ka haifa ba.

Ta biyun ita ce tawa. Ka buɗe 1 Timoti 3 da Titus 1 ka karanta da fensir a hannu. A duk jerin halayen dattijo, ƙwarewa ɗaya ce aka nema, iya koyarwa. Sauran duk hali ne: kada ya zama mai saurin fushi, kada ya zama mai saurin hannu, ya iya riƙe gidansa. Bulus ma tambaya ya yi, wanda bai iya da gidansa ba yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Don haka ba zan ce maka ba komai ba. Amma kuma ba zan ce ka gudu ba, domin gudu ma wata hanyar ɓoye kwalin ce a aljihu. Ka koma wurin fastonka ka gaya masa abin da ka gaya mana, da lambar baget ɗin duka. Ka bar shi da dattawa su yanke. Mai yiwuwa su ce a jira shekara ɗaya. In sun ce haka ba kora ba ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kuma kada ka zaci neman gafara sau ɗaya zai kashe fushin. Musa ya kashe Bamasare cikin zafin zuciya, ya yi shekara 40 yana kiwo a Madayana, har Littafin Ƙidaya 12 ya shaide shi da tawali'u fiye da kowa a duniya, duk da haka a sura 20 ya bugi dutsen da aka ce ya yi wa magana. Ka nemi maza biyu a zumuntarku, waɗanda ba sa jin nauyinka, ka ba su izini kowane mako su tambaye ka ko ka ɗaga murya ko hannu. Ka kuma lura da lokacin da abin ke taso maka. A labarinka na ga zafi, na ga bashin aiki, ban ga inda ka ci abinci ba. Ba hujja ba ce, amma wanda ya san inda ramin yake a hanyarsa yakan rage gudu kafin ya kai.

Mushe, kujerun gaba su zauna wayam na ɗan lokaci bai taɓa kashe ikilisiya ba.

Mai Walda Bukoki ya rubuta:

Na gode muku duka, har da Mushe, don abin da ya faɗa shi ne abin da zuciyata take so in ji. Kwana tara ke nan, ga inda aka kwana.

Na fara da uwar yara kamar yadda Maman Rahila ta ce. Bayan yara sun kwanta muka zauna a tsakar gida, babu kuran, sauro na ta cizo. Ta kai ni har ranar sunan ɗiyarmu ta biyu, wata magana da na yaɓa mata gaban ƴan'uwanta, ni na manta da ita sam. Sau uku bakina ya buɗe zai kare kansa, na cije. Da na ce ta gafarta mini sai ta ce, “Na gafarta. Sauran kuma za mu gani.”

Ranar Asabar yaron ya zo shago don uwarsa ta ce ya zo. Na kashe inji, na kira yaran uku. Kwalin yana aljihun rigar aikina tun ranar, ya yi baƙi da gumi. Na ajiye shi a kan teburin, na ce ku duba, ni na rubuta, shi abin da aka aike shi ya sayo, na mare shi a kan laifina, na kuma zage shi, na yi zunubi. Sai na ga ba yadda zan ce “kai” ko “yaron nan” a irin wannan magana. Na kira sunansa. Shekara 14 ban taɓa furta shi a gabansa ba, har ya waiga yana neman wanda ya kira. Na ce ka gafarta mini. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Baba, ya ɗauki buroshi ya ci gaba da goge tsatsa.

Mushe, yaran shagon ba su raina ni ba tukuna, sai dai ƙaramin ya yi ta satar kallona har yamma. Fasto kuwa ya saurare ni bai katse ni ba, ya ce zai kai wa dattawa, ban ji amsa ba har yanzu.

Shekaranjiya ƙaramar ɗiyarmu ta kifar da kofin shayi a kan takardar lissafin Alhaji. Na ji abin ya taso tun daga ciki, muryata ta fita rabi kafin in kama ta. Na tashi na fita ƙofar gida na tsaya wajen mai kanti har ya tambaye ni ko lafiya. Da na koma, babban ya riga ya goge teburin, ya shanya takardar a kan tabarma ya danne ta da takalmina. Har yanzu in na shigo ɗaki yakan gyara zama ya matsa gefe. Baba na Tawa, naka wata nawa ya yi kafin ya fara kiranka da kansa?